Sunan Turke Ya Shiga Ganga

Yau Laraba. Na tashi ƙafafu a kumbure, tansiyo, wato hawan jini, ya tashi, hannun dama yana rawa. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi mini uzuri.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya iske ni, ina zaune ina jiran kunu ya huce. Asumana Turke ya rasu. Daga garinmu aka kira ni, can ƙasar Kalfu. Aka ce ya yi sallar asuba, ya ba jakinsa ruwa, ya dawo ya ce zai ɗan kishingiɗa. Shi ke nan.

Kunun yana nan, ban sha ba.

Yawancin masu karanta ni a shafin nan tsofaffin ɗalibaina ne na lakkwal, wato makarantar boko, masu kirana Mushe, da ƴaƴansu. Waɗansunku sun san Turke a matsayin tsohon nan gajere mai gwame, wanda ke kawo harawa kasuwar Tawa ran Lahadi. Kun ga tsoho mai harawa. Ni na ga mutumin da ya riƙe gari guda da ƙafafunsa biyu, kuma yau sai kun saurare ni.

Bari in fara da al'adarmu, don yaran birni ba su san ta ba.

A zamaninmu, in an gama yankan gero, garinmu da wani gari na wajen Affala sukan aika wa juna goro, a sa ranar kokowa. Bana a wurinmu, baɗi a wurinsu. Kowane gari ya jera ƴan kokowarsa. Wanda aka kayar ya fita, wanda ya kayar ya tsaya a fili ya jira na gaba. Garin da mazansa suka ƙare, sarkin makaɗansa zai kwance gangarsa a gaban jama'a, ya kife ta a ƙasa. Ba za a sake buga ta ba sai wata kaka.

Ku fahimci abin da wannan ke nufi. Shekara guda babu kiɗan gayya a gona. Babu kiɗan suna. Amarya a kai ta ɗaki shiru, sai ƙarar takalma. In ka je kasuwa wani gari, yara su bi ka suna tambaya ko gangarku ta farka.

Akwai kuma wata al'ada. Kafin a buɗe fili kowace shekara, sarkin makaɗa yana kiran sunayen tsofaffin ƴan kokowa da suka riga mu, tun daga kakanni, kowane suna da kiɗansa. Mu muna cewa sunan mutum ya shiga ganga. Amma tsara guda, suna guda. Dattawa ne ke yanke magana a zaman makoki, ranar da aka binne mutum. In sun sa shi, ƙofa ta rufe ga sauran tsararsa har abada.

A tsararmu mutum biyu ne ake magana a kansu: Turke, da Alhaji Illa, wanda muke kira Walƙiya.

Ba zan rage wa Illa komai ba. Abokina ne, yana nan Tawa da ransa, Allah ya ƙara masa lafiya. Idona bai taɓa ganin ɗan kokowa irinsa ba. Dogo, jiki kamar an sassaƙa, in ya shiga fili da walki da guraye ƴanmata sukan manta da tallansu. Kafin ka ƙifta ido ya kama ƙugu ya ɗaga ya ajiye. Ya yi kokowa a Tawa, ya yi a Yamai, mun ji sunansa a rediyo muka yi ta tsalle kamar mu aka kira. Mutanen da ya kayar, Turke bai kayar da ko kusa da rabinsu ba.

Turke kuwa, gaskiya, a ranar da ba ta da nauyi abin dariya ne. Kokowar kasuwa, samari ƙanana ma sun sha kai shi ƙasa. Ya tashi yana kakkaɓe yashi yana dariya. Na taɓa ce masa, "Asumana, ba ka jin kunya?" Ya ce, "Yo Mushe, mi anka aza? Goro biyu. Ba ni karya baya bisa goro biyu."

Amma ranar ganga, wani mutum ne daban ke fitowa daga cikin wannan jiki.

Shekarar da aka sa aurena da Hajo, Allah ya jiƙanta, a garinmu aka yi. Lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba, ina ji da kaina, da wando mai guga da agogon hannu. An sa biki bayan kokowa da ƴan kwanaki. Ana gobe wasa na gamu da ita a hanyar rijiya, ta sauke tulu ta dube ni ta ce, "Mushe, ka ji da kyau. In anka kihe ganga, sai ka jira baɗi. Ni ba a kai ni shiru awa gawa."

Na yi dariya. Muna da Illa, me zai same mu?

Mutanen Affala suka zo da wani makiyayin raƙuma, Agali, wanda ba mu taɓa gani ba. Da ya tuɓe riga, fili ya yi tsit. Wuyansa kaɗai ya kai cinyata. Dattawanmu suka ce a fara da Illa a karya masa gwiwa tun da wuri. Illa ya shiga yana rawa, yana jefa yashi sama, ana guɗa. Ya kai hannu da saurin nan nasa, Agali ya cafke hannun, ya juya, sai muka ga bayan Walƙiya a ƙasa.

Kamun farko. Ko zufa ba su yi ba.

Bayan nan mazanmu suka yi ta shiga suna fita kamar masu gaisuwa. Wannan ya faɗi, wancan ya faɗi. Wani ma da aka kira shi sai aka ce ya tafi kama ruwa, har yau bai dawo ba. Na waiwaya na ga sarkin makaɗa ya fara sassauta igiyar ganga daga kafaɗarsa, yana hawaye. Na hangi Hajo cikin ƴanmata ta rufe fuska da mayafi.

Saura mutum ɗaya.

Turke yana zaune a gindin aduwa yana ɓare gyaɗa. Aka kira shi. Ya ƙarasa wadda ke hannunsa, ya zuba sauran a hular wani yaro, ya taso yana tafiyar nan tasa ta agwagwa. Baƙi suka fashe da dariya. Wani daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Ku kawo babban, wanga mun ga ƙanen!"

Ya shiga ya duƙa. Bai yi kirari ba, bai jefa yashi ba. Ya nutsa ƙafafunsa cikin rairayi, ya tsaya.

Agali ya ja, bai motsa ba. Ya tura, bai motsa ba. Ya kama shi ya ɗaga sama, muka ce ta ƙare, sai Turke ya saƙala ƙafa a bayan gwiwarsa ya manne kamar kaska, dole ya sauke shi a tsaye. Haka suka yi ta yi tun rana tana saman aduwa har ta sauko ta yi ja. Kuma ku sani, canjaras ba ya fid da mu. In aka kira magariba Agali yana tsaye, ganga ta kifu.

Har mutanenmu suka fara zaginsa. "Kai Asumana, yi wani abu mana! Ka zo kokowa ko ka zo gadi?"

Bai ko ɗaga kai ba.

Ni ina kusa, ina jin numfashin Agali ya canza, ya koma kamar zuga-zugin maƙeri. Ya gaji, kuma ya fusata, ga mutanensa suna yi masa ihu ya gama. Sai ya ja da baya ya taho da dukan nauyinsa. A nan ne, a karo na farko tun da aka fara, Turke ya ɗaga ƙafa. Ya goce kaɗan, ya sa kai a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, ya bi da shi inda yake son zuwa.

Ƙasa ta amsa. Wallahi na ji ta a tafin ƙafata.

Jama'a, ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar fili ba, wandon guga ya sha yashi, agogo ya tsinke. Sarkin makaɗa ya ja igiya ya ɗaure, ya dinga dukan ganga kamar ta yi masa laifi. A nan take ya yi wa Asumana kirarin da ya bi shi har kabari: Turke, a ja ka a gaji! Tsofaffi mata suna guɗa har murya ta dushe. Hajo ta keta taro ta cire ɗankwalinta ta ɗaura masa a damtse, a gaban babanta, ba ta ko ji kunya ba.

Shi kuwa yana haki, ya dube ni ya ce, "Mushe, ran biki a aje mini ƙahwar rago. Ta baya."

An kai Hajo da kiɗa tun daga ƙofar gidansu har ɗakina. Ta zauna da ni har Allah ya karɓi abarsa, kuma duk lokacin da muka yi faɗa sai ta ce, "Ka gode ma Turke, da yanzu kana nan kana jiran baɗi."

Ba wannan ne kaɗai ba. Muddin Turke yana cikin jeri, gangar garinmu ba ta taɓa kifuwa ba. Akwai shekarar da aka yi a garin baƙi yana fama da zazzaɓi, aka ɗauko shi a kan jaki lulluɓe da bargo. Ya sauka ya yi abin da ya kawo shi, ya hau jaki ya koma ya ci gaba da rawar sanyi. Agali ma daga baya abokinsa ya zama, duk damina sai ya aiko masa da cuku.

To ga abin da ya hana ni barci tun bara. Samarin garinmu suna da gurup a waya, sun sa ni ciki don girmamawa, ko don su riƙa jan ni da faɗa, ban sani ba. Da tsofaffin nan biyu suka fara rauni, sai magana ta taso: wa zai shiga ganga? Kusan duk suka ce Illa. Shi duniya ta sani. Shi ya fi kaye, shi ya fi gwaninta, shi ya kai sunan gari rediyo. Wani ya rubuta cewa Turke gajiyayyu kawai yake samu, bayan Illa ya gama wahalar da su.

Na amsa masa, kuma ina maimaitawa a nan. Wata shekara haka ne, Illa yakan kayar da mutane da yawa kafin ya faɗi, kuma wannan aiki ne babba. Amma ranar Agali wa ya gajiyar da shi? Illa bai daɗe a hannunsa ba kamar yadda ɗan tsako ke daɗewa a farcen shirwa. Turke da kansa ya gajiyar da shi, da jikinsa, yana shan zagin mutanen da yake karewa.

Illa yana kokowa don a ga kokowa, kuma mun gani, mun ji daɗi, Allah ya saka masa. Amma ganga ba rediyo ba ce. Ba a yi ta don a faɗi wanda ya fi kyau a fili ba. Sunayen da ke cikinta na mutanen da suka hana ta yin shiru ne. Gwani ana samunsa a kowace tsara. Mutumin da gabansa ba ya faɗuwa a ranar da gaban kowa ya faɗi, wannan sai an daɗe.

Kuma ba a fili kaɗai yake haka ba.

Da Hajo ta rasu, ƴaƴana suka koma Yamai da Abijan wajen aikinsu, gidan nan ya yi mini faɗi. Masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, haka duniya take, ban riƙe kowa ba. Turke ne bai ɗauke ba. Duk Lahadi in ya sayar da harawarsa sai ya biyo da fura a gora, ya zauna a tabarmar nan. Ba ya iya hira. Wani lokaci mu wuni bai faɗi abin kirki ba, sai gyangyaɗi. Amma yana nan.

Tunkiyar da Hajo ta bari, bai taɓa barin ta kwana da yunwa ba, kuma bai taɓa yarda a yi maganar kuɗin harawa ba.

Ranar da na zame a makewayi na kasa tashi, shi ya same ni. Babu kabu-kabun da zai iya ɗaukata a haka. Tsoho da shi, ya duƙa irin duƙawar nan tasa, ya ce in hau. Ya goya ni har bakin titi. Ina bayansa ina jin kunya, shi yana cewa, "Mushe, ina karatun duk yat tahi? Buhun ƙaiƙayi ya hi ka nauyi."

Ganina da shi na ƙarshe, Lahadin nan da ta wuce. Na karanta masa abin da samari ke rubutawa, ina huci. Ya saurara yana tauna goro da ƴan haƙoran da suka rage. Da na gama ya ce:

"Yaran ga sun yi gaskiya. A ba Illa. Shi ya iya kokowa."

Na ce, "Kai fa?"

Ya ce, "Ni tsayuwa ɗai na iya."

Na ce masa wannan tsayuwar ce ta yi mini aure. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, "To kai da Hajo ku sa ni cikin taku gangar." Da zai tafi ya ɗauki takalmina da ya tsinke, ya ce zai kai wa baduku a gari ya dawo mini da shi.

Na dakata da rubutu a nan ɗazu, don Alhaji Illa ya kira ni. Kuka yake, ni ma na taya shi. Ya ce jana'iza ta wuce mu, amma bayan azahar zai biyo da motar ɗansa ya ɗauke ni mu je zaman makoki tare. Na ce masa, "Alhaji, ka san abin da zan faɗa in mun je." Ya ce, "Na sani, Mushe. Shirya dai."

Na yi wanka da ƙyar, na sa babbar rigata, na zauna a zaure da sandata. Na shirya maganar da zan yi wa dattawa, ina ta bitarta kamar darasi.

Ashe ba a buƙace ni ba.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Sarkin makaɗa na yanzu ne, Mamman, jikan wancan da ya yi hawaye ranar Agali. Ya ce dattawa sun zauna, ƴaƴan Alhaji Illa suka roƙa cikin ladabi a jinkirta maganar, a bar gurbin a buɗe. Dattawa har sun fara gyaɗa kai. Sai ga tsofaffin matan gari sun fito daga cikin gida, sun tsaya a bakin zana, Inna Tabawa a gaba, ƙawar Hajo, wadda yanzu sai da sanda.

Liman ya ce, "Inna, lahiya?"

Ta ce, "Lahiya lau, Malam. Ba mu zo shiga maganar maza ba. Tambaya guda muka da ita. Duk wanda anka kai uwatai ɗaki da kiɗi zamanin Turke, shi miƙe mu gane shi."

Mamman ya ce da farko ba wanda ya motsa. Sai wani ya miƙe, sai wani. Shi ma Mamman ya miƙe. Mai gari ya miƙe. Liman ya dubi hagu ya dubi dama, ya tattara rigarsa ya miƙe. Babban ɗan Alhaji Illa ya daɗe kansa a sunkuye, sannan shi ma ya tashi tsaye, don uwarsa a shekarar zazzaɓin nan aka kai ta.

Inna Tabawa ta ce, "To, mun gani. Ku ci gaba da shawararku." Suka juya suka koma ciki.

Babu shawarar da ta rage. Babban dattijo ya ce, "Mamman, ka ji. Sa shi."

Jama'a, sunan Asumana Turke ya shiga ganga!

Ni kaɗai a zaure na ɗaga sanda sama na yi kabbara, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ɗauka faɗuwa na sake yi. Gero ya fara fid da kai a gonaki. In Allah ya kai mu kaka, ko a amalanke ne sai an kai ni bakin fili in ji Mamman ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya, ya zo ƙarshe ya ce: Turke, a ja ka a gaji. Bayan nan duk abin da Allah ya yi da ni daidai ne.

Samarin gurup, ban yi fushi da ku ba. Ba ku ga ranar ba ne. Kuma ina roƙonku, kada wanda ya yi wa Alhaji Illa ko ƴaƴansa dariya. Abin da ya rasa yau ba ƙarami ba ne, kuma ya cancanci a riƙa faɗin sunansa da girma muddin ana kokowa a ƙasarmu ta Adar.

Ya Allah, ga bawanka Asumana ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa. Yadda ka tabbatar da ƙafafunsa a duniya, ka tabbatar da harshensa wajen tambaya, ka tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ka haɗa shi da Hajo da iyayenmu a Aljanna, mu ma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa Fatiha da Ƙulhuwallahu. Ka sa da Alhaji Illa a addu'arka.

Na tambayi Mamman ko Alhaji ya je can, ya ce ba su gan shi ba. Nan ma bai zo ba. Na kira wayarsa tana kashe. Ga ladan ya fara gyaran murya, bari in cire babbar rigar nan in yi alwala. Ƙofar zaure dai na bar ta a buɗe.